Garma Ta Yi Ja Babu Gawayi

Har gobe ban manta da ranar da na kai injin gasa ƙarfe ƙauyen Paikon Kore ba. Ku da kuka zo shagona na Kubwa daga baya, birjik kuka tarar da irinsa. A lokacin shi kaɗai gare ni, kuma duk jarina na cikinsa.

Injin ba ya cin gawayi. Bututun tagulla ne a naɗe kamar gammo, a zura ƙarfe a tsakiya, lantarki ya gasa shi. To garmar manoman can faɗi gare ta, ba ta shiga naɗin da ya zo da injin. Sai ni da Rahila, mai haɗa mana kaya, muka naɗa babba.

Maƙera suka taru, shugabansu Baba Danjuma a gaba. Muka tada janareta, muka zura garma, muka jira. Da aka kashe, Baba ya shafa ta, ya ji ko ɗumi babu.

"Alhaji, firji ka kawo mana?"

Wuri ya ɓarke da dariya, wasu har sun kama hanya.

Rahila ta raɗa mini, "Oga, mun ƙara naɗi, ba mu rage kafasita ba."

Nan take na gane. Wutar injin kaiwa da komowa take kamar lilo tsakanin naɗin da kafasita, wato gwangwanayen da ke riƙe caji. Aikin injin turi ne kawai. In turin ya dace da dawowar lilon, ɗan ƙarfi kaɗan sai ya cilla shi sama. In ya saɓa, wahalar banza. Babban naɗinmu ya rage saurin lilon, inji kuwa na turi da saurinsa na da.

Na roƙi Baba ya tsayar mini da mutanensa. Muka sauke caji, muka cire kafasita ɗaya, muka kunna. Allurar mitar da ke auna wuta ta ɗan motsa. Muka ƙara cire wata, sai allura ta zabura! Wutar da ke zagaye cikin naɗin ta ninninka wadda janareta ke bayarwa. Bakin garma ya yi shuɗi, can sai ja wur.

"Kai! Ku miƙo guduma!" in ji Baba. Ya fizgo ta da awartaki, ya hau duka yana dariya, tartsatsi na tashi. A ranar ya ce kada injin ya koma Kubwa.

Tun daga nan, in mai saye ya ce kayana ba ƙarfi, ba na saurin ɗora masa babban inji. Saiti nake fara dubawa. Maƙeri kuwa, kada ku cika shi da bayani. Ku ba shi jan ƙarfe, gudumarsa ta yanke hukunci.