Kunun Kawu da Lasisin Kafil

Kafin in zo Riyad, duba-gari ne ni a ƙaramar hukumarmu, kuma cikin aikina har da zagaya gidajen giya na bayan tasha duk lokacin da za a sabunta musu lasisi. Garinmu na kowa da kowa ne, ga masallaci ga coci, don haka doka ba ta hana sayarwa ba, sharuɗɗa ta gindaya. Sai in shiga in duba ko akwai ƙofar fita ta baya, ko makewayin maza daban ne da na mata, ko gidan ya yi nesa da makaranta da wurin ibada, ko ana barin yara su shiga. Shi kuma lasisin dole a rataye shi a bango inda kowa zai gani, da sunan mai gidan da irin abin da aka yarje masa ya sayar. Abokaina suna ce mini limamin bayan tasha. Ban taɓa kurɓa ba, amma warin kan biyo ni har gida, matata ta sa ni tuɓe riga tun daga zaure.

Akwai wata Madam a layin nan da ta saka nata lasisin cikin gilashi. In 'yan sanda suka faɗo mata, ko tashi ba ta yi daga kujera, da yatsa take nuna musu bango. A wurinta na gane cewa hukuma ba ta leƙa zuciyar mutum, abin da ke rataye a bango take karantawa.

Na yi murna da na bar aikin. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ya nemo mini bizar tuƙi a wani sito da ke unguwar Sulay, na ce alhamdulillahi, na zo ƙasar da babu gidan giya ko ɗaya balle a ce in je in auna makewayinsa. A nan babu wani lasisi da ke halatta ta. Wanda aka kama da ita a shekarun nan, ɗauri ne da bulala, in baƙo ne kuma a haɗa masa da kora. Ban taɓa zaton maganar giya za ta sake biyo ni ba, balle ta hanyar Kawu, mutumin da shi ne ladanin masallacin unguwarmu kafin ya fito, wanda duk hutun da ya je gida sai an miƙa masa lasifika.

Kawu yana aiki ne a wata bufiya a unguwar Nasim, irin ƙananan shagunan nan na shayi da burodi da ƙwai. Lasisin shagon da sunan kafilinsa yake, wato ɗan ƙasar da ya ɗauki nauyin zamansa, kuma abin da aka rubuta a ciki shayi ne da sandwici da lemon kwalba. Wani azumi kwaɗayin gida ya kama Kawu, ya dama kunun zaƙi irin na kakarmu. Ba na sukari zalla ba ne irin na 'yan yanzu. Shanshera yake jiƙawa, shinkafar da ba a sussuke ba, wadda masu dawowa daga hutu ke kawo masa, ya baza ta a ɗakin ajiya na bayan shago ya rufe da jiƙaƙƙen buhu har ta yi tsiro. Tsiron nan shi ke tsinka gasarar gero ya ba ta zaƙinta. Ya sa citta da kanumfari, ya bar shi ya kwana a wani shuɗin duro, da safe ya tace ya ɗura a gorunan ruwa.

Kafin a kai goma ga wata labari ya karaɗe Hausawan Riyad. Direbobi, leburori, har likitocinmu masu rataya kati a wuya, kowa sai ya biyo Nasim kafin magariba. Kafil ya ɗanɗana, ya lumshe ido, ya ce a saka a firjin gaba. Daga ranar duk yamma sai an cika jarka an kai gidansa, don tsohuwarsa ta ce ba ta buɗa baki da komai sai shi. Azumi ya wuce, kunu bai tsaya ba.

Ranar da na fara leƙa ɗakin ajiyar nan, abin da na gani bai kwanta mini ba. Hatsi mai tsiro ƙarƙashin buhu, duro a rufe, goruna babu tambari. Na shiga gidajen burukutu da yawa a aikina, kuma haka farkon aikinsu yake, sai dai su dawa suke tsirarwa. Na ce wa Kawu ya matsa wa kafil ya je ya ƙara kunun a lasisi, a zo a duba ɗakin a amince. Ya yi mini dariya, ya ce aikin bayan tasha ya lalata mini ido, komai na gani giya ce.

"Kunu ne fa, ɗana. Abin da ake ba mai jego."

Duk da haka ya yi wa kafil maganar. Kafil ya ce bukra in sha Allahu. Wanda ya zauna a ƙasar nan ya san wannan goben ba ta wayewa.

Da zafi ya kankama, firjin gaba ya lalace. Kawu ya yi ta faɗa, kafil ya yi ta cewa mai gyara na hanya. Kunun da ya kwana a zafin Riyad kuwa ba ya jira. Gorunan suka kumbura. Wani baƙon ciniki, ba namu ba, ya ɗauki ɗaya ya murɗe murfi, abu ya yi tsuwa ya yi kumfa ya zubo masa a hannu. Ya sunsuna, ya ajiye, ya fita ya buga waya.

Ina loda kaya a Sulay aka kira ni. Da na isa har an tafi da Kawu, an manna takarda a ƙofar shago, saura wani matashin jami'i da ke rufe samfurin da za a kai gwaji. Da guntun Larabcina na yi ta rantse masa cewa wannan abinci ne, gero ne da citta, tsami kawai ya yi. Ya saurare ni har na gama, bai ɗaga mini murya ba. Ya ce shi bai ce giya ba ce, wannan aikin masu gwaji ne. Sai ya nuna lasisin da ke bango ta cikin gilashin ƙofa.

"To, ina yake a nan?"

Tambayar da na yi shekaru ina yi wa mutane ke nan. Har yau ban riƙe yaron nan a zuciya ba, aikinsa ya yi. Fushina yana kan mutum biyu, kuma ban yi niyyar sauke shi ba.

Na farko kafil. Na je gidansa, ya bar ni tsaye a bakin get cikin rana kamar mai tallar gawayi. Abu ɗaya na roƙe shi, ya je ya ce da saninsa ake yin kunun, shi ya ce a saka a firji, gidansa ma ana sha. Maganarsa ɗaya ta isa a daina kallon Kawu a matsayin mai dafa wani abu a ɓoye. Mutumin nan ya dube ni ido cikin ido ya ce wallahi ma adri, bai san komai ba, shi shayi da sandwici ya sani, abin da ma'aikaci ya ƙulla a ɗakin baya tsakaninsa ne da Allah. Yana maganar ina hango jarkarmu a jingine bayan ƙofar kicin ɗinsa, an wanke ta an kife. Na so in ɗauko ta in ɗora masa a ka. Iƙamata da ke aljihu ce ta riƙe mini hannu, katin zaman nan da ke mai da namiji bebe.

Na biyu namu ne, kuma nasa ya fi ciwo. Akwai wani direba ɗan garinmu da ke zaune a unguwar Suwaidi, a ɗakinsa muke haɗuwa cin tuwo bayan Juma'a. Kullum shi ne farkon layin kunu, gora biyu yake ɗauka, ya nemi gyara. Ranar Juma'ar farko bayan kamun, ina shiga na tarar ya tara mutane yana tambayar wani ɗalibin jami'a, wai ya matsayin azumin da aka buɗe da abin maye bisa rashin sani, kuma ko sai sun rama sallar kwana arba'in. Ya ce dama shi ya daɗe yana jin jikinsa na yin wani iri in ya sha. Wasu suka gyaɗa kai, su ma wai sun ji. Mutanen da suka sha kunun zaƙi tun suna goye a bayan iyayensu, yau su ne ba su san bambancin tsami da maye ba! Ɗalibin ya ce su ji tsoron Allah su jira sakamako. Ba wanda ya jira. Kafin la'asar saƙon murya ya isa garinmu cewa an kama ladan yana dafa burukutu a ƙasa mai tsarki.

Na zage shi a gaban kowa, ban kuma yi nadama ba. Na ce masa in kunun Kawu na sa maye, to shi ne babban mashayin Riyad, a fara yi masa bulalar. Aka rirriƙe ni, aka ce in yi haƙuri, ɗan'uwa ne. Na bar musu tuwonsu.

Sakamako ya fito kamar yadda na sani: babu abin maye, kunu ne da ya lalace. Aka saki Kawu. Amma laifin shago yana nan, sayar da abin da ba ya cikin lasisi da sarrafa shi a ɗakin da ba a amince da shi ba, kuma tarar kan mai lasisi ta hau. Kafil ya biya, ya huce a kan Kawu, ya buga masa bizar fita ta dindindin. Na bi mutanenmu ɗaya bayan ɗaya ina gaya musu an wanke shi. Wancan saƙon ya yi fiffike, wannan kuwa ko ƙofar ɗaki bai fita ba. Mutumin Suwaidi da aka gaya masa sai ya taɓe baki ya ce ai ruwa ba ya tsami banza.

Ni na kai Kawu filin jirgi. Ya rame, gemunsa ya ƙara fari, amma duk hanya ni yake ba haƙuri, yana cewa in rage zafin zuciya kada in jawo wa kaina. Bai san abin da ke jiransa ba, ni kuwa na sani, don yayata ta riga ta kira ni. Ta ce maganar ta kai har bayan tasha, Madam ma ta tare ta a kasuwa tana dariya, wai ta ji kawunmu ya shiga sana'arsu, me ya hana shi neman lasisi, ga ɗansa ya san hanya? Da ya isa gida an yi masa sannu da zuwa, an ci abinci. Lokacin sallah ya yi, wani ya kira. Ba wanda ya ce masa komai, ba kuma wanda ya sake miƙa masa lasifikar.

Da azumi ya zagayo, hanya ta bi da ni ta Nasim gab da magariba, sai na ga layi a ƙofar bufiyar. Na faka a tsallake. Sabon firji, goruna masu tambari da ranar da aka yi da ranar lalacewa. Na shiga kamar mai sayen ruwa, idona ya tafi bango don sabo. An sabunta lasisin, an ƙara layi ɗaya. Mai karɓar kuɗi ya ce ai safiya ɗaya kafil ya yi ya gama komai. Wanda ke ɗaure da ƙyallen aiki a ƙugu yana miƙa kunu kuwa mutumin Suwaidi ne, kafil ya karɓi kafalarsa, shi ke ɗauke da nauyin zamansa yanzu. Likitocinmu da direbobinmu suna tsaye suna zolayarsa ya yi sauri. Babu mai tambayar hukuncin azuminsa.

Na koma mota, sai ga kiran Kawu, don ya saba kirana in mun kusa shan ruwa. Muka gaisa, ya tambayi aiki, ya tambayi zafi. Sai ya ce abin da ke damunsa shi ne yaran nan namu na Riyad, yadda za su yi azumin bana babu kunu. Na so in yi masa ƙarya, baƙin ciki bai bar ni ba. Na gaya masa duk abin da nake kallo, har da sabon layin da ke bango, har da wanda ke miƙawa.

"To, madalla," ya ce. "Ka gaya masa kada ya zuba sukari a wanda zai kwana. Shi ke kumbura gora, kada su sake shiga uku."

Na ce to, Kawu. Ban gaya wa mutumin Suwaidi ba, kuma ba zan gaya masa ba.