Kwanon Gwauro a Ciyayya

Shekarar da soja suka miƙa mulki na kama ciki da falo a Gyaɗi-Gyaɗi, ina aikin gwamnati a Tarauni. Ba ni da mata, kuma ban ga abin gaggawa ba.

A layinmu magidanta ciyayya suke yi bayan magariba. Kowa a fito masa da kwano daga gida, a haɗu kan tabarma a ƙofar wani dattijo. Ni kullum hannu rabbana nake zuwa.

"Ci, gwauro, ba ka da mai dafa maka," in ji dattijon.

Tausayin nan ya ishe ni. Na sayi risho, na yi ta ƙona tukunya har tuwon masarata ya daina gudaji. Ranar da miyar kuɓewa ta yi daidai, na ɗauko kwanona na dire a tsakiya. Aka cinye tas.

Dattijon ya dube ni. "Wace ce ta aiko maka? Mu je mu nema maka aurenta."

Na ce, "Baba, ni na dafa."

Ya suɗe yatsa.

"To, gobe ka ƙara daddawa."