Ramar da Ba a Ci

Na yi aikin malamin gona har gashina ya yi fari, amma abin da ya faru a wata gona kusa da Lolo, shekarar da ta biyo bayan samun 'yancin kai, yana nan a raina kamar jiya, kuma ba na jin zai fita har in koma ga Allah.

A lokacin ban daɗe da fitowa daga makarantar koyon aikin gona ba, aka turo ni Bagudo. Baturen gonan da ke wurin ya tattara ya koma ƙasarsu, ya bar mini keke da akwatin kayan aiki. A cikin akwatin akwai wani ɗan gwangwani mai farar hoda, wadda ake sa wa reshe don ya yi saiwa da wuri.

Wata ranar kasuwar Lolo wani dattijo ya tare ni, ya riƙe kan kekena. Ya ce, “Malam, an ce kai ne likitan gona. Zo ka ga tawa kafin in bar ta.”

Gonar tana bakin kogi. Ko'ina shinkafa ta yi kore shar, tasa kuwa ta tsaya a idon sawu, rawaya, kamar an watsa mata ruwan zafi. Na tuge ɗaya, sai na ga saiwar gajera, baƙa, ta dunƙule. Da na ɗaga kai sai na hango tulin fasassun baturan mota a kan tudu. Dattijon ya ba ni labari: wani maƙeri ne ke samo su daga tsallaken iyaka, wajen Dahome, yana fasawa yana narka dalmar ciki don masunta su ɗaura wa taru. Da ambaliya ta zo, ta kwashe tarkacen ta juye a gonarsa. Har shanun wani makiyayi da suka lashi tulin sun makance, sun yi ta zagaye, sun mutu.

Ya ce, “Mutane na cewa iskoki ne. Ko mi ne, ta ƙi ni. In kaka ta yi, zan kwashe iyalina in tsallaka wajen surukaina. A nan aka haife ni, Malam, amma ba a cin ƙasa.”

Na ce, “Baba, ba iskoki ba ne, dalma ce. Ka ba ni damina ɗaya.”

Yanzu in na tuna, mamakin ƙarfin halina nake yi, don ban taɓa ganin an gwada abin da ke raina ba. Abin da na sani daga makaranta shi ne, kowane tsiro yana da wasu sinadarai a jikinsa, ana ce musu homon. 'Yan aike ne. Su ke tashi daga kan tsiro su gaya wa saiwa ta miƙe, su gaya wa ganye ya buɗe. Gubar ƙarfe in ta shiga, saiwa take fara kamawa, saƙon ya daina isa. Hodar gwangwanin nan kuwa irin wannan saƙon ce, aka haɗa ta da hannu. Sai na ce a raina, in muka ƙara wa tsiron murya, wataƙila saiwar ta ji.

Da na bayyana wa dattijon haka, ya yi dariya har ya dafa kafaɗata. “Wato dawa ma hira take da kanta? To, gwada mu gani.”

Mun fara da kwashe tarkacen, maƙerin da kansa ya taya mu, don shi ma abin ya dame shi. Da ruwan sabuwar damina ya sauka, na ce rama za mu shuka, ba shinkafa ba. Na ɗebi hodar a bakin tsinke na kaɗa a ƙwaryar ruwa, don na san in ta yi yawa kashe tsiro take. Muka jiƙa rabin irin a ciki, sauran rabin a ruwa zalla, muka shuka kowanne a gefensa.

Da farko duk suka tsiro iri ɗaya, jikina ya yi sanyi. Kullum na zo sai in tarar da dattijon tsugune a bakin kunya. Daga baya bambanci ya fara fitowa. Gefen ruwa zalla ya yi rawaya ya tsaya. Ɗaya gefen, ko da yake bai kai ramar gonar lafiya ba, ya miƙe, ganye ya buɗe. Na tuge ɗaya na nuna masa saiwa fara, mai rassa. Ya karɓa yana juya ta a tafin hannu, ya ce, “Ashe ta ji.”

Ranar da ta fi tsaya mini a rai ita ce wata hantsi da na iso na tarar da matarsa a tsakiyar ramar, ƙwarya cike da ganye, jikokinta na jiran kwaɗo a gida. Na yar da keke na ruga.

“Inna, don Allah zubar! Ba a ci!”

Ta dube ni kamar na zautu. “Ɗan nan, dubi ganye lafiya lau. Wata nawa muna jiran abin sawa a baki?”

Na ce, “Inna, ramar ta jure gubar ne, ba ta kore ta ba. Tana cikin ganyen nan. Abin da ya kashe shanun makiyayin nan ne.”

Dattijon ya iso, ransa a ɓace. “Malam, ka sa na zauna, ka sa na yi wahala, yanzu ka ce ba a ci? Mi za ni yi da gonar da ba ta ciyar da ni?”

Na riga na gaya masa tun ranar shuka cewa ba ta ci ba ce, amma mai yunwa in ya ga koren ganye, maganar baya ba ta zama a kunnensa. Na ce, “Baba, ɓawon muke so. Duk masuncin da ke kogin nan igiya yake nema.”

Sai ya karɓi ƙwaryar daga hannun matarsa, ya tona rami a gefen tudu, ya juye ganyen ya rufe. Inna ta juya baya tana share ido da gefen zane. Ban taɓa jin nauyin aikina kamar ranar ba.

Da kaka muka sare ramar, aka saɓe ɓawon, ganye da kara muka binne nesa da ruwa da dabbobi. Dattijon ya zauna a inuwa yana tufka. Masunta suka riƙa zuwa da kifi, masu jiragen ruwa suka zo da shinkafa, suna tafiya da igiya. Maƙerin ya ba shi aron wani fili a kan tudu mai tsabta don gero da kuɓewa. Hodar ta ƙare a damina ta biyu, amma muka riƙa ajiye iri daga ramar da ta fi ƙarfi, ta ci gaba da yi gwargwado. Har aka canza mini wurin aiki ban yarda an shuka abinci a gonar ba, shi ma bai sake tambaya ba. Bai tsallaka iyaka ba. A garinsu ya rasu, jikokinsa duk suka girma da lafiyarsu.

Abin da na koya shi ne, abin da ya kusa mutuwa, tsiro ko mutum, sau da yawa ƙarfinsa na nan, ɗan taimako yake jira ya tashi. Amma in ka taimaka ya tashi, aikinka bai ƙare ba, sai ka tsaya ka faɗi gaskiyar da ta rage, ko da mai sauraronka yana riƙe da ƙwarya, yana jin yunwa.