Maidaji, Tafintan da Ya Wanke Sunan Abdulƙadir

Da an idar da sallar asuba Malam Maidaji yake fitowa daga ɗakinsa na haya a unguwar Dengfeng ta birnin Guangzhou, da fulas ɗin shayi a hannu. Akwai wani benci a ƙofar shagon masu waya, nan ne ofis ɗinsa. Kafin shayin ya huce wani ya iso: Bakano da zai je Shiling duba jakunkuna, ko mutumin Yamai da kwantenarsa ta maƙale a tashar jiragen ruwa ta Nansha, ko wata baiwar Allah da ciwon ciki ya hana barci, ba ta san yadda za ta gaya wa likita ba. Maidaji tafinta ne. Daga Maraɗi ya zo da Hausa da Faransanci, ya koyi Sinanci a bakin 'yan dako, Turanci kuma a bakin 'yan kasuwa. Ya haura shekara ashirin a Guangzhou yana ara wa mutane bakinsa.

Yana da wata ɗabi'a da takan ƙular da mai sauri. Ba ya fassara kalma sai ya tabbatar da abin da ake nufi da ita. A gabana wani ɗan kasuwa ya ce masa, "Malam, gaya wa lawban, mai shagon nan, reel nake so."

"Wanne?" in ji Maidaji. "Na zaren ɗinki, ko na masunta da ake naɗe igiyar fatsa? Ko babban nan na wayar lantarki? Har faifan majigi na da, sunansa ke nan. Ɗan bidiyon nan da yara ke ɗorawa ma haka suke ce mishi. Hwaɗa mini wanne, kada mu sai maka abin kamun kihi ka kai ma teloli."

Muka yi dariya. Ba mu san akwai sauran ma'ana guda da bai ambata ba, wadda za ta zo mana da kuka.

Abdulƙadir saurayi ne ɗan Kano, mai sayen kayan teloli: zare, zif, maɓallai. Wata rana da azahar, ana tsananin zafi, ya taho da kwalin zare a kafaɗa. Hajiya Jumai, mai gidan abincin da ke bakin layin, tana tsaye a ƙofa ta ga tafiyarsa ta canza. Ya yi dama, ya yi hagu, ya kama ƙarfen gefen titi ya kuɓuce masa. Kwalin ya faɗi, kwarkwaron zare suka watse suna gangarawa ƙarƙashin motoci. Jama'a suka dare. Wani ya ɗaga waya yana ɗauka. Hajiya Jumai ce ta kira Maidaji.

Ta ce da gudu ya zo, takalmi ƙafa ɗaya. Ya tallabi kan yaron, ya tare tasi, direban ya kalle su ya ce "meyo," wato babu, ya ja motarsa. Na biyu ma haka. Na uku Maidaji ya tsaya masa a gaba, ya yi masa magana da Sinanci har ya buɗe ƙofa. A asibiti wata likita ta ce jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwarsa. Washegari da hantsi Abdulƙadir ya cika.

Bidiyon ya riga labarin rasuwar isa Kano. Wanda ya ɗauka, ba mu san shi ba har yau, ya rubuta a kai da Turanci cewa ga mutum yana reeling a titi. Wani a gida ya sake ɗorawa, ya fassara da cewa ɗan Kano ya sha ya yi tatil a China. Kafin la'asar ya zaga unguwarsu. Mahaifin Abdulƙadir, Alhaji Ma'azu, tsohon tela ne, mutum mai kunya. Da aka kira shi aka gaya masa rasuwar, abin da ya ce kawai, "Yaron da na tura ba ya shan giya. Wannan na cikin hoton ban san shi ba." Ya kashe waya. Bai zauna karɓar gaisuwa ba.

A nan kuwa ba a sakin gawa sai da yardar dangi. Abdulƙadir yana kwance a ɗakin sanyi, mu abokansa muna ta kame-kame. Wasu cikinmu ma, gaskiya, sun fara cewa wa ya sani.

Maidaji bai ce wa ya sani ba. Kullum sai ya kira tsohon, kullum a katse. Sai ya koma asibiti ya zauna a ƙofar likitar. Ta ce ba ta da lokaci, ya ce "shiyeshiye," wato na gode, ya dawo washegari. Da ta gaji da ganinsa ta yarda ta yi wa tsohon bayani ta waya. Ya nemo lambar ƙanwar mamacin, Surayya, ita ta kai wa mahaifin waya har ɗaki ta riƙe masa. Ina asibitin tare da Maidaji. Likitar tana bayani da Sinanci, Maidaji yana mayarwa da Hausa, jimla bayan jimla, bai ƙara ba bai rage ba.

Tsohon ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, ni ban san yarenta ba. Ta yaya zan san abin da ta faɗa ne kake gaya mini?"

"Ba ka da hanyar sani, Alhaji, sai dai ka yarda da ni," in ji Maidaji. "Amma ni na ɗauke shi. Kanshi na bisa ƙirjina tun daga titi har asibiti. Babu warin komi a bakinshi sai na miyar da ya ci wurin Hajiya Jumai."

"To rubutun da ke kan hoton fa? Masu Turanci sun ce mini maye ne."

"Kalmar tangaɗi take nuhi. Mai maye na yin shi, mai hajijiya na yi, wanda aka buga ma sanda a ka na yi. Ta ce yana tangaɗi, Alhaji. Ba ta ce mi ya sa ba. Mutane suka ƙara sauran."

Muna jin Surayya tana shessheƙa. Can tsohon ya ce, da wata murya daban, "Ya samu yin kalmar shahada?"

Duk muka kalli Maidaji. Kalma ɗaya ce, i, ba wanda zai taɓa ƙaryata shi.

"Bai iya magana ba, Alhaji. Ni na riƙa hwaɗa mishi ita a kunne, hannunshi cikin nawa. Na ji yatsanshi ya motsa. Iyakar abin da na sani ke nan."

Tsohon ya fashe da kuka irin na manya, wanda ba shi da sauti sosai. Sannan ya ce, "Da ka ce ya yi, da ban yarda da sauran ba. Ku binne mini ɗana."

Maidaji ya yi masa wanka da hannunsa, muka kai shi maƙabartar Musulmi. A ranar Alhaji Ma'azu ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Surayya ta ɗora bayanin likitar, 'yan tsiraru suka kalla. Wancan bidiyon na farko kuwa har yanzu yana yawo, lokaci-lokaci ya sake tasowa, a yi dariya a ƙarƙashinsa.

Yanzu ciwon suga ya ci idon Maidaji, ba ya iya karanta allon asibiti. Ƙarshen wata zai koma Maraɗi, da akwati ɗaya.

Malam Maidaji, kai ne bakin marar baki. Kai ne aka kira duk lokacin da ɗayanmu ya faɗi a garin da ba wanda ya san sunan ubansa, kuma ba ka taɓa cewa ba danginka ba ne. Ka tsaya tsakanin harsuna huɗu, inda ƙarya take da sauƙi, ba ka yi ta ba ko don ka sanyaya wa tsoho zuciya. Mun gode. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa ka gama da duniya lafiya.

Ku kuma samarinmu da kuka iya Sinanci, kasuwa ba ita kaɗai take buƙatarku ba. In an kira daga asibiti, ku amsa. In kun ga mutum yana faɗuwa, ku mayar da waya aljihu ku tare shi.

Mun tambayi Malam me za mu yi masa na sallama. Ya ce ba ya son walima. Akwai kaburburan mutanenmu da shi kaɗai ya san na wane ne wanne. Ranar Juma'a bayan masallaci zai kai mu ya nuna mana su ɗaya bayan ɗaya, tun yana iya gani. Duk wanda yake gari, ya zo.