Kiret Ɗin Baƙo: Shekara Bakwai Bayan Alhaji Ndagi

Shekara bakwai ke nan da muka kai Alhaji Ndagi makwancinsa. Na so in yi masa addu'a in yi shiru, amma ranar Asabar mai zuwa ƙungiyarmu ta masu kiwon kajin ƙwai a Minna za ta zauna kan aikin da ya bari, kuma hankalina bai kwanta ba.

A da, kowa kan kwaso ƙwansa ya zube a Kasuwar Kure rana ɗaya. Farashi ya faɗi, zafi ya ɓata saura, ƙananan masu kiwo su sayar da kajinsu su bar sana'ar. Alhaji Ndagi, mutumin Bida, shi ya tara mu a zaurensa na Ketaren Gwari, aka yanka wa kowa adadin kiret ɗin ƙwai da zai kai rumfar ƙungiya duk mako. Dillalai da masu otal suka saba da rumfar. Wanda ba ya ciki, sai dai ya yi talla a rana. Marigayin ba shi da sassauci a kan wannan. Ya taɓa dakatar da surukinsa ma wata guda, saboda ya cusa kiret uku a kan kasonsa.

Aikin injinan ƙyanƙyasa ya kai ni ƙasashe. A Kanada na ga irin tsarinmu bayan ya tsufa: izinin sayar da ƙwai ya zama abin gado kamar gona, wanda ba ɗan gida ba sai kallo daga bayan shinge. A Kwatano kuma na ga inda aka saki kasuwa, daskararrun kajin waje suka danne na gida. Da na ba Alhaji labarin, ya amsa mini da Nufanci, sannan ya maimaita da Hausa don kowa ya ji: "Malam Bala, ɗakin kaji in ba taga, kajin ciki ne ke fara mutuwa." Daga nan aka kafa abin da muke kira kiret ɗin baƙo. Duk shekara a karɓi sabon mutum ɗaya, kowane tsohon mamba ya rage kiret guda daga kasonsa, a haɗa wa baƙon. Alhaji ne ya fara ragewa, kuma biyu ya rage.

Bana wadda ta nemi shiga Malama Hajara ce. Ta karanci noma a jami'ar da ke Gidan Kwano, tana kiwon zabi da kajin gida a can hanyar Bida. Damina ta kama, zabinta sun soma zuba ƙwai, ƙwai kuwa ba ya jiran zaman kwamiti. In ba ta samu rumfa ba, kafin kaka za ta sayar da tsuntsayen. Kwamiti ya ce duk wanda ya sayi ƙwan zabi ya rage sayen namu, don haka a hana ta, a kuma soke kiret ɗin baƙo gaba ɗaya. Mai jan wannan magana shi ne sakatare, Sha'aibu, ɗan marigayin.

Na same shi a gonarsa. Ya ce, "Baba, zamanin Alhaji masara tana da araha. Yau in na rage kiret, ma'aikaci zan sallama. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki."

Ban ƙaryata shi ba, abincin kaji ya yi tsada, ni ma ina ji a jikina. Me mahaifinsa zai ce yau? Ban sani ba. Wataƙila zai yanka wa ƙwan zabi kaso dabam, mai iyaka, don ya tsare namu. Abin da na sani, bai taɓa ɗaukar rumfar nan gadon 'ya'yansa ba. Rabin masu ɗaga murya yanzu da kiret ɗin wasu suka shigo.

Gonar Alhaji ta ragu, zaurensa ya zama shago. Abin da ya saura nasa shi ne wannan al'ada, kuma ranar Asabar za a san ko ta bi shi kabari. Dokar ƙungiya ta ce sai mambobi biyu sun tsaya wa baƙo kafin a saurare shi. Na riga na sa hannu a takardar Hajara. Mutum huɗu sun ce in kawo musu su cike gurbi na biyu, na ba su haƙuri. Sha'aibu, kai nake jira.

Allah ya jiƙan Alhaji Ndagi, ya haskaka kabarinsa.