Sunan da Rifkatu Ba Ta Faɗa

Duk wanda ya taɓa shan miyar kuka a ƙauyukan Gubuchi, da wuya a ce bai ci daddawar Rifkatu ba. Shekara talatin da 'yan kai tana wannan sana'a: ta dafa kalwa, ta surfe da toka, ta wanke, ta sake dafawa, ta rufe a kwando har sai maƙwabta sun fara toshe hanci. Musulmi da Kirista duk a ƙofarta suke haɗuwa. Ita Kirista ce, jikar Maguzawa, tun tana budurwa aka yi mata baftisma, kuma ranar Lahadi ita ke buga tulun kiɗa a Zumuntar Mata ta cocinsu.

Ruwan baftisma ya wanke mata abubuwa da yawa, amma bai taɓa kunyar ɗan fari ba. Istifanus ne ɗanta na fari, kuma tun ranar suna bakinta bai furta sunan nan ba. "Yaron nan" take cewa, in ranta ya ɓaci ta ce "wancan". Ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta tambayar ko ya ci abinci, sai dai ta ajiye masa kwanon da ya fi nama ta kau da kai. Haka ta ga uwarta ta yi, kuma ba ta ga dalilin canzawa ba.

Wata ranar rani aka yi rigima a fadamar rake kan layin ban-ruwa. Istifanus, mai zuciyar ubansa marigayi, ya ɗaga ƙotar fartanya ya karya wa wani hannu. Alƙali ya ba shi shekara uku. Rifkatu ba ta je kotu ba, ba ta je gidan yari ba. Uwa ta bi ɗan fari har kurkuku, mata su ce me? Kukanta a bakin murhu ta yi shi, ta ɗora wa hayaƙi laifi.

To, ikkilisiyarsu tana da ƙungiyar ziyarar 'yan kurkuku. Asabar ɗin farko ta kowane wata sukan cika mota da tuwo da sabulu, su je su yi waƙa da addu'a, kuma kowane ɗaurarre Kirista ana haɗa shi da mutum ɗaya da zai zame masa dangi. Istifanus ya faɗa hannun Malama Damaris, tsohuwar malamar firamare 'yar Ikara, mace mai fara'a wadda Allah bai ba haihuwa ba.

Nan Rifkatu ta gane gaskiyar masu cewa ka ƙi naka duniya ta so shi. Duk Lahadin da ta biyo bayan ziyara, Damaris za ta miƙe a tsakiyar sujada ta ba da rahoto. "Ɗana Istifanus yana gaishe ku. Istifanus ya fara koya wa 'yan ɗakinsu waƙa. Ku ga jakar da Istifanus ya saƙa mini." Ta ɗaga wata jakar zaren roba, ja da kore, kowa ya tafa.

Rifkatu ba ta tafa ba. Kishi ne ya turnuƙe ta, irin wanda ko a kan mijinta ba ta taɓa yi ba. Sunan da ta killace shekara talatin da biyu, wai yau wadda ba ta san zafin naƙuda ba ke wasa da shi a baki kamar gyaɗa. Da aka tashi waƙa ta daki tulun nan har tafin hannunta ya yi ja.

Abin da ya ƙara mata haushi, duk Alhamis ɗin da ziyara ta matso Damaris za ta yi sallama ta sayi daddawa. Rifkatu ta san inda daddawar za ta. Ita ke dakan kalwa, wata ke karɓar godiya. Ta yi ta haɗiye abin har wata ashirin da uku, a na ashirin da huɗu ta kasa.

"Yaya Rifkatu, a ba ni ta miya," in ji Damaris.

"Ta ƙare, Malama."

Ga daddawa shanye a kan rumfa, faifai uku, makaho ma ya ji ƙamshinta. Damaris ta dubi rumfar, ta dubi Rifkatu, ta ce, "To, Allah ya kai mu wani watan." Ta tafi ta yi miyarta da ta kasuwa. Rifkatu ta wuni tana jin daɗin kanta.

Lahadin nan Damaris ba ta ba da rahoto ba. Da aka tashi sujada sai ga ta a gidan Rifkatu. Bayan doguwar gaisuwa ta ce, "Yaya, Istifanus bai ci tuwon jiya ba. Loma ɗaya ya yi, ya ture kwano. Ya ce in gaya masa gaskiya, Inna ta rasu ne ake ɓoye masa?"

Rifkatu ta saki muciyar da ke hannunta.

"Ya ce shekara biyu ba ki zo ba, ba ki aika ba, kuma bai ga laifinki ba. Amma duk wata in ya ji daddawar nan, ya san kina raye, kina da ƙarfin daka. Na yi ta ba shi haƙuri, ya ce, 'Mama, ke mai tausayi ce, za ki iya ɓoye mini.'"

Kunya da nadama suka rufe Rifkatu, amma duk da haka kalma ɗaya ce ta fi tsaya mata a wuya.

"Mama yake ce miki?"

"Haka yake cewa."

"To. Yaushe ake barin dangi su shiga?"

Ranar Laraba ta tuƙa tuwon dawa da hannunta, ta kaɗa miyar kuka da daddawarta, ta zuba a kula. Damaris ce ta raka ta. A mota ta rungume kular a cinya. Sau biyu Damaris na cewa ta kawo ta riƙe mata, sau biyu tana yin kamar ba ta ji ba.

A bakin ƙofa wani gandiroba mai suna Uwaisu yana zaune da littafin rajista. Yana hango Damaris ya washe baki: "A'a, Maman Istifanus! Yau ba Asabar ba?" Rifkatu ta ji maganar har cikin ƙashinta. Ya sa ta buɗe kula ta ɗanɗana a gabansa, don haka doka take, sannan ya ɗauki biro.

"Iya, wurin wa kika zo?"

Damaris ta san al'ada, ta buɗe baki za ta fitar da ita kunya. Rifkatu ta ɗaga mata hannu. Ko wa zai faɗi sunan nan yau, ba Damaris ba ce.

"Istifanus," ta ce. "Ni na haife shi."

Da aka fito da shi bayan ragar ƙarfe, ya rame, idonsa na ƙasa. Ta sake kiran sunan. Ya ɗago ya dubi Damaris, domin bai taɓa jin sunansa a wannan muryar ba. Sai ya ga bakin Damaris a rufe yake. Ya juya a hankali, ya durƙusa, ya ce "Inna."

Rifkatu ta share ido da bakin mayafi, ta tura masa kular ta ƙasan ragar.

"Ci tun da zafi," ta ce. "Kuma jakar nan da ka saƙa wa Malama, zaren ya ƙare ne?"