Kwaɗon Injiniya

Ɗan kawuna mai shara ne a wani gidan buga takardu. Injiniya ake ce masa, tun ranar da ya mari wata fanka ta tashi. Shekara goma sha bakwai yana ɗaga wayar wuta da babban yatsan ƙafa yana goge ƙarƙashinta da jiƙaƙƙen tsumma. Wuta ta ja shi ya fi sau ɗari, shi kuwa cewa yake gaisawa suke yi.

Ana nan sai kamfani ya ɗauko wata malama ta koya wa masu shara da masu gadi zama lafiya da lantarki. Manaja ya ce duk wanda ya faɗi gwaji ya nemi wani aikin. Injiniya kuwa ga 'ya'ya biyar, ga uwarsu ba ta san wasa ba.

Kwana uku malama tana bayani, abu ɗaya ya zauna masa: kafin ka taɓa inji, kashe makunni, ɗana masa kwaɗo, makulli a aljihunka.

"Malama, in Manaja ya ce in buɗe fa?"

"Ko Manaja ne, sai ka gama."

Ranar gwaji aka ce ya share cikin injin yanka takarda. Bawan Allah ya dubi makunnai goma sha biyu a bango, duk kamarsu ɗaya, sai ya zaɓi babbansu don girmamawa, ya kashe, ya ɗana masa kwaɗo. Gini ya yi tsit. Manaja ya sauko daga bene yana gumi kamar an tsamo shi daga rijiya.

"Kai! Wa ya kashe min na'urar sanyi? Buɗe!"

Injiniya ya dafe aljihu. "Yallaɓai, ko kai ne, sai na gama."

Ya yi sharar nan a tsanake, har da hure lunguna. Ya gama, ya buɗe, wuta ta dawo. Manaja ya ce a kore shi yanzu. Malama ta ce a cikin mutum ashirin shi kaɗai ne ya hana makulli, sauran da an daka musu tsawa sun miƙa. Shi ya zo na ɗaya.

Aiki dai ya tsira, mu ne muka shiga uku. Jiya na je gidansa cajin waya, na tarar ya yi wa soket akwati da kwaɗo, matarsa na zaune da dutsen guga tana jiran ya dawo daga kasuwa da makulli.